Kwalliyar da ko kayan shiga daji: wanne za a fara sa wa mota?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi jif ta zamani mai jan ƙafa huɗu, kuɗin da ya rage a hannunka ba zai yi komai da komai ba. Shin ka mayar da ita kamar motar shekarun 1970, da fitilu zagayayyu da farin rufi, ko ka zuba kuɗin a kan taya da bamba da ɗaga ta sama? Amsata a taƙaice, fara da taya. Amma bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe, ka ga dalili.

Sha'awarka ta fasalin da ba kai kaɗai ba ne, kamfanonin ma sun gano tana kawo ciniki. Ford ta daina ƙera Bronco a 1996, ta dawo da ita a 2021 da fuskar da ta ɗauko daga ta 1966. Suzuki Jimny ta 2018 ta koma siffar akwati. Toyota ta fito da Land Cruiser 250, wasu samfuran da zagayayyun fitilu da sunan TOYOTA baro-baro a gaba, don tuna wa mutane samfurin 40 da aka fara a 1960. Da Land Rover ta rufe tsohuwar Defender a Janairun 2016, attajirin Ingila Jim Ratcliffe ya kafa tasa motar, Ineos Grenadier, a kan wannan fasalin. A Japan kuwa akwai kamfanin DAMD da ke sayar da kayan jiki masu mayar da Jimny kamar ƙaramar Defender ko ƙaramar G-Class ta Mercedes.

To me kwalliyar nan ke ƙara wa mota? Fenti kala biyu, zane a gefe, ragar gaba irin ta da, rigar kujera mai ratsi-ratsi, duk na ido ne. Ba sa ƙara mata ko santimita ɗaya daga ƙasa, ba sa fitar da ita daga taɓo. Alherinsu shi ne ba su da nauyi, ba sa taɓa inji ko ƙafa, yawancinsu kuma ana iya cirewa ranar da za a sayar da motar. Tarkonsu ɗaya ne, a ragar gaba. Motoci da yawa na yanzu suna da radar a bayan tambari ko cikin ragar, ita ke lura da tazarar motar gabanka, ta taka birki idan ka shagala. Na taɓa ganin wanda ya canza raga, mota ta yi kyau abinta, amma tun daga ranar fitilar gargaɗi ba ta mutu a gabansa ba. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ko an bar wa radar da kyamara gurbinsu.

Kayan daji kuwa kowanne yana ba ka abu, ya karɓi wani. Ɗauki taya. Idan ka tashi daga mai inci 31 zuwa mai 33, aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, zai ɗagu da inci ɗaya kacal, kusan santimita biyu da rabi, domin rabin ƙarin ne ke ƙarƙashinsa. Sai dai wannan incin shi ne na gaskiya. A mota mai aksil ɗin ƙarfe guda, irin Jimny ko Land Cruiser 70, ko nawa ka ɗaga ta da sifirin, tukunyar aksil, wato kumburin da ke tsakiyarsa, tana nan inda take, ita ce kuma dutse ke fara gaisawa da ita. Taya ce kawai ke ɗaga ta. Ladan da za ka biya shi ne maleji zai riƙa yi maka ƙarya, yana nuna 100 alhali kana kusan 106, mota ta yi nauyin tashi, mai ya ƙara tafiya, birki ya ƙara wahala. Ba lallai ma ka ƙara girma ba. Taya mai manyan haƙora da gefe mai kauri, daidai girman ta kamfani, tana canza mota fiye da yadda ake zato, musamman in ka haɗa da ɗan famfon iska, ka sassauta ta a yashi zuwa PSI 18 ko kusa da haka, ka mayar idan ka hau kwalta.

Ɗagawa ta inci biyu da sifirin da shakazoba masu kyau, irin Old Man Emu na kamfanin ARB na Ostireliya, tana taimakon ciki da gaba da baya kada su daki ƙasa. Fiye da haka a mota mai ƙafafun gaba masu cin gashin kansu, sandunan da ke juya tayoyin za su karkace, su riƙa cinyewa da wuri, motar kuma ta ƙara son kifewa a kwana. Wasu ƙasashe ma sun sa iyaka a doka, inshora kuma na iya zamewa idan ba ka sanar da ita ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne nauyi. Jimny mai ƙofa uku an ƙayyade mata kilo 1,435 gaba ɗaya, abin da ya rage wa mutane da kaya kusan kilo 350 ne kacal. Sa mata bambar ƙarfe da winci (injin da ke jawo mota da igiya in ta maƙale) da ƙarfen kaya a sama, ka ɗauki abokai biyu, ka riga ka cika. Bambar ma dole ta zama wadda aka gwada da jakar iskar kariyar haɗari ta wannan motar, ba wadda mai walda ya haɗa da ido ba. Winci kuma ana so ƙarfin jansa ya ninka nauyin motar sau ɗaya da rabi. Shi kuwa bututun shaƙar iska da ke hawa gefen gilashi, yawancin masu shi don hoto suka sa. Yana rage ƙura, yana kare inji daga shan ruwa, amma bai hana ruwa shiga wayoyi da kwamfutar mota ba.

Akwai wurin da biyun suka haɗu, nan kuma nake so ka sa ido. Rim ɗin ƙarfe mai farin fenti shi ne rabin kwalliyar da, kuma kayan aiki ne na gaske. In ya daki dutse lanƙwashewa yake yi, a buga shi da guduma a ci gaba da tafiya, na alminiyom kuwa yakan tsage. Sauka daga inci 20 zuwa 17 yana ba taya tsawon gefe, ta fi jure duka, ta fi karɓar sassauta iska. Ka dai gwada ɗaya a ƙafar gaba tukuna, domin birkin motocin yanzu manya ne, ba kowane ƙaramin rim ke shiga ba. Ford ma ta gane haka, Bronco Heritage ta 2023 ta zo da farin rufi da farar raga, amma a ƙarƙashinta akwai taya mai inci 35 da makullin aksil, mai sa tayar hagu da ta dama su juya tare, gaba da baya.

Da ni ne, taya da rim ɗin ƙarfe zan fara saya, sai farantin kare cikin inji, sai ƙugiyoyin ja masu ƙarfi da igiya. In yi wata shida ina shiga inda nake shiga, motar da kanta za ta nuna mini ko tana buƙatar ɗagawa ko makullin aksil. In kuma ka san tsakaninka da Allah tafiyarka duk a kwalta ce, yi kwalliyarka hankali kwance, kada ka ɗora mata ƙarfen da ba za ta yi aiki da shi ba. Farin rufin nan da kake so, sa a liƙa maka leda maimakon fenti, don ƙaya da rassan itace za su karce shi tun a fitar farko, ledar kuwa ɓarewa ake yi a sake wata.