Odar feftaid mai gadojin sulfa: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Mai bincike a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, idan yana son gwada feftaid, wato gajeren jerin amino asid (tubalan furotin), a kan bakteriya masu bijire wa magani, zai tarar kamfanonin da ke harhaɗa shi suna da farashi iri-iri a kan abu guda. Bambancin ba a jera amino asid yake ba, domin kusan kowa yana bin hanyar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963. Wajen ƙulla gadojin sulfa tsakanin sistein da sistein ne kuɗin ke hawa. Sistein amino asid ne mai sulfa, gadojin kuma su ke riƙe feftaid a naɗe cikin siffarsa.

Mafi araha shi ne a sayi feftaid a miƙe, ba a ƙulla gadojin ba, mai bincike ya naɗe shi da kansa, amma wanda ba shi da na'urar HPLC ta tacewa gara ya haƙura da wannan. Zaɓi na biyu, kamfani ya bar gadojin su ƙullu da kansu cikin ruwan sinadari. Wannan yakan wadatar ga irin su protegrin-1, wanda aka samo daga fararen ƙwayoyin jinin alade, mai amino asid 18 da gadoji biyu, domin sistein huɗu hanyoyi 3 kawai suke da su na haɗuwa. Difensin na ɗan Adam kuwa, wato feftaid na garkuwar jiki mai kashe bakteriya, kamar HNP-1, sistein shida gare shi, hanyoyin sun kai 15, kuma ɗaya ce tak ta dace da halitta. A nan ne zaɓi na uku yake cin kuɗinsa, wato a rufe kowane sistein biyu da sinadarin kariya daban, kamar Trt da Acm, a riƙa buɗe su bi da bi. Da tsada, amma a ganina ya fi a ƙare bincike a kan gaurayen mai gadoji daidai da marar daidai.

Takardar awon nauyi da ake turowa tare da kaya tana ruɗin mutane. Kowace gada tana rage nauyi da dalton 2 (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari), don haka awon zai nuna yawan gadojin, amma ba zai nuna ko sun ƙullu a gurbinsu ba. Sai a nemi shaidar hakan a rubuce, tare da tsaftar da ta kai kashi 95 cikin ɗari. A kuma tambayi ainihin feftaid nawa ne cikin garin, domin ruwa da gishirin TFA, asid ɗin da ake amfani da shi wajen harhaɗawa da tacewa, suna cikin nauyin, kuma TFA na iya cutar da ƙwayoyin halitta a gwaji, shi ya sa wasu ke biyan ƙari a musanya shi da gishirin asitet.

A karɓe shi busasshen gari, a rarrabe cikin ƙananan kwalabe, saboda zafin bazarar Katsina da ɗaukewar wuta ba sa raga wa wanda aka riga aka narkar. Firiza mai sola da ke riƙe digiri 20 ƙasa da sifili ta kamata ta riga odar isowa. Kayan nan na ɗakin gwaji ne kawai, ba a ba majiyyaci.