Malamin Shimi a Maraɗi: Wane Horo Ya Cancanci Kuɗinka da Hutunka?

Da zarar an gama jarrabawar bak, wato ta ƙarshen sakandare, sai sanarwar horo ta fara yawo a wayoyin malaman fizik da shimi: wannan a Yamai, wancan ta intanet, wani kuma a ƙetaren iyaka. Hutu ba ya isa duka, albashi ma haka, dole mutum ya zaɓa. Ni dai ma'aunina ɗaya ne. Abin da aka koya maka, za ka iya maimaita shi ranar Litinin a ajinka, inda yara suka cika benci, babu famfo, babu gas, wuta kuma ba kullum ba?

Mafi arha shi ne zaman UP, inda malaman darasi ɗaya ke haɗuwa. Ba ka biyan ko dala, kuma duk wanda ke wurin tsarin karatu ɗaya kuke bi. Matsalarsa ita ce sau da yawa yakan ƙare a daidaita inda aka kai a darussa da shirya jarrabawar haɗin gwiwa. Idan kuka amince cewa kowane zama sai mutum ɗaya ya zo da gwaji ya yi a gaban kowa, to ya zarce horo da yawa da ake biya.

Sai horon da ma'aikatar ilimi ke shiryawa da abokan hulɗarta. Tsofaffin malamai suna tune da SMASSE, shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da aka fara a Nijar a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan. Abin da ya dage a kai shi ne yaro ya taɓa da hannunsa, malami kuma ya ƙera kayan gwaji daga abin da ke kusa da shi. Idan an kira ka irin wannan, ka je. Amma don Allah kada kuɗin zama ya zame maka dalilin zuwa, kuma ka tambaya ko mai horarwar shi kansa ya yi gwajin, ko shi ma bayani aka yi masa ya zo ya isar.

Wanda nake fifitawa a kan duka shi ne horon ƙananan gwaje-gwaje, wato shimi da ɗigo maimakon kofi. Cibiyar RADMASTE ta Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu ce ta yi suna da shi, UNESCO kuma ta taimaka wajen yaɗa shi. Sinadari kaɗan ake ci, haɗari ya ragu, kowane benci ya samu nasa. Kuma Maraɗi ba ta rasa kaya ba. Jiƙa zoɓo ka tace: ɗiga masa lemun tsami ya ƙara ja, ɗiga masa ruwan kanwa ya juye zuwa kore, ga darasin asid da baz a idon yaro. Sirinji daga kantin magani yana auna ruwa idan babu bututun awo, ramukan fakitin ƙwaya da aka wanke suna riƙe ɗigo. Man gyaɗa da soda kuwa su ne darasin haɗa sabulu, wanda yara da yawa sun riga sun ga iyayensu mata na yi a gida. Horon kirki na irin wannan zai koya maka har da iyakar abin: zoɓo yana nuna tsami, amma ba zai ba ka lambar pH daidai ba. Zai kuma tsaya a kan tsaro, cewa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma ruwan batir da soda ba abin miƙa wa yaro ba ne babu kariyar ido.

Idan takardar ƙarin matsayi kake nema, hanyar ita ce ENS, babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Wannan karatu ne mai tsawo, tafiyar ta haura kilomita 600, sai ka lissafa mota da masauki da iyalin da za ka bari. Taron shekara-shekara na SOACHIM, ƙungiyar masana shimi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1994, yana buɗe ido, sai dai na masu bincike ne, ba na aji ba. Kafin ka yi nisa, ka tuna Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin gari da tsangayar kimiyya. UP ɗinku ta rubuta wasiƙa ta roƙi yini guda a ɗakin gwaji, ba abin da za ku rasa.

Ta intanet, PhET na Jami'ar Kolorado, wato shirin kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a allon kwamfuta, kyauta ne, akwai shi da Faransanci, ana sauke shi a yi aiki ba tare da layi ba. Yana da kyau wajen nuna abin da ido ba ya gani, kamar daidaita ma'aunin sinadarai, amma allo ba ya koya wa hannu riƙe sirinji.

Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, kuma ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, STAN, tana aiki tun 1957. Sai dai da Ingilishi ake yi, a kan tsarin WAEC, jarrabawar ƙarshen sakandare ta can. Dabarar gwaji za ka kwaso, sunaye da salon tambaya kuwa sai ka mayar da su na bak da kanka.

Kafin ka ba da ko jika ɗaya ga masu horo na kuɗi, ka nemi jadawalin a rubuce, ka ƙirga awa nawa ne na gwaji, awa nawa na jawabi. Ka tambayi mutum nawa ke kan kayan aiki ɗaya, wa ya amince da takardar shaidar, kuma da me za ka koma gida. Idan suka kasa faɗa maka gwaji ko guda da za ka yi da hannunka, ka riƙe kuɗinka, ka sayi sirinji da tabarau na kariya, ka kai zaman UP na watan Oktoba.