Jan Ƙyallen Koci ko Idon Jami'in Bidiyo: Hanyoyi Biyu na Sake Duba Hukunci a NFL

A gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wato NFL, akwai hanyoyi biyu na sake duba hukuncin alƙalan wasa ta bidiyo. Ta farko tana hannun koci, kuma tun 1999 ake amfani da ita: idan bai gamsu da hukunci ba, sai ya jefa jan ƙyalle cikin fili kafin a ci gaba da wasa. Sau biyu ake ba shi wannan dama, kuma idan hoton bai goyi bayansa ba, ƙungiyarsa za ta rasa ɗaya daga cikin hutun tsayar da agogo guda uku da take da su a kowane rabin wasa. Daga 2024, nasara sau ɗaya ta isa a ƙara masa dama ta uku.

Hanya ta biyu tana hannun jami'in bidiyo, wanda shi ke neman a duba duk cin maki tun 2011, da ƙwace ƙwallo tun 2012, da abin da ya faru a mintuna biyu na ƙarshen kowane rabi.

A ganina ta biyun ta fi adalci, domin bai kamata gyara kuskuren alƙali ya dogara da kocin da ke tsaye a gefen fili, yana jiran mataimakansa su ga hoton cikin 'yan daƙiƙoƙi, yana kuma tsoron asarar hutun da zai buƙata a ƙarshen wasa ba. Amfanin jan ƙyallen shi ne ba ya barin a riƙa tsayar da wasa a kan kowane ƙaramin abu.