Bitar gVim: yadda ake gyara masa fuska, da matsalar haruffa masu ƙugiya

Duk wanda ya buɗe gVim, manhajar buga rubutu da gyara shi, karon farko zai yi zaton an mayar da shi shekaru ashirin baya. Taga ƙarama, farin fili mai kashe ido, jerin madannai a sama da ba a cika taɓawa ba, haruffa kuma ƙanana. Mutane da dama a nan suke rufe shi su koma wani. Abin da ba su sani ba shi ne, kusan duk abin da ido ke gani a wannan taga layi ɗaya ne ko biyu ke juya shi, kuma idan aka rubuta layukan sau ɗaya an gama, ko an canza kwamfuta fayil ɗin saitunan kawai za a kwafa.

gVim shi ne Vim, manhajar rubutu da ake sarrafawa da umarni, amma mai taga da linzami. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fara fitar da Vim a 1991, ya riƙe shi har rasuwarsa a watan Agustan 2023. Kyauta ne, abin da kawai marubucinsa ya roƙa shi ne a taimaka wa yara marasa galihu a Yuganda. A nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Debian ana samun mai tagar da sunan vim-gtk3, a Fedora vim-X11, a Windows kuwa yana cikin fayil ɗin girkawa. Ba ya cin data bayan an sauke shi, kuma tsohuwar kwamfutar da manhajar rubutu ta VS Code ke sa ta nishi tana ɗaukarsa ba tare da wahala ba.

Fayil biyu ne ke riƙe da saituna. A Linux sunansu .vimrc da .gvimrc, a Windows _vimrc da _gvimrc, duka a babban jakar mai amfani. Ana fara karanta na farko, sannan na biyu idan taga ta buɗe. Wanda bai san inda nasa yake ba ya rubuta `:echo $MYVIMRC`. Shawararmu a bar fayil ɗaya kawai, a killace abin da ya shafi taga tsakanin `if has('gui_running')` da `endif`, don kada saitin ya watsu wuri biyu a rasa wanda ya danne wani.

Akwai tarko tun a ƙofa. Daga Vim 8.0 na 2016, idan babu vimrc, manhajar tana ɗauko wasu saituna masu kyau da kanta. Da zarar ka ƙirƙiri naka, ko da layi ɗaya ne a ciki, sai ta janye hannunta, ka ga launin rubutu ya ɓace ka ɗauka wani abu ka lalata. Maganinsa layin farko na fayil ɗin ya zama `source $VIMRUNTIME/defaults.vim`.

Salon haruffa shi ne inda mai rubuta Hausa ya kamata ya fi daɗewa, kuma nan ne gVim ya fi ba da wahala. Rubutun umarnin ya bambanta tsakanin Windows da Linux, kuma ba ya yafe kuskure. A Linux haka ake rubutawa:

    set guifont=DejaVu\ Sans\ Mono\ 12

A Windows kuwa:

    set guifont=DejaVu_Sans_Mono:h12

Dubi bambancin da kyau. A Linux kowane fili da ke cikin sunan sai an sa masa karkataccen layi a gabansa, girman kuma ya biyo a ƙarshe. A Windows ana iya maye filin da layin ƙasa, girman ya zo bayan ruwa biyu da harafin h. Idan ka manta karkataccen layin, gVim zai ɗauki kalmar Sans a matsayin wani saiti dabam, ya jefo maka kuskure mai lamba E518. Idan sunan ne babu shi a kwamfutar, a Windows E596 za ka gani. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa duk wannan ita ce `:set guifont=*`, wadda ke buɗe akwatin zaɓi. Ka zaɓa da linzami, sannan ka rubuta `:set guifont?` ka kwafi abin da ya nuna zuwa fayil, kana tuna gyaran filayen. Wannan zaɓin na akwati ba ya zama da kansa, idan ba ka rubuta shi a fayil ba, rufe taga ke da wuya ya tafi.

Kafin ka amince da kowane salo, gwada shi da wannan jimla: Ɓarawo ya ɗauke Ƙur'anin Ɗanladi da ƙaramin ɓawon ƴaƴan itace. A cikinta akwai ɓ, ɗ, ƙ manya da ƙanana, da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y. Abu uku ne ke iya faruwa. Ko haruffan su fito daidai da 'yan'uwansu, ko su fito a matsayin akwati, ko kuma, wanda ya fi yawa kuma ya fi wuyar ganewa, su fito amma da wata siffa: ƙ ta fi k siriri, ko ƙugiyar ɗ ta guntule a sama. Dalilin shi ne salon da ka zaɓa ba shi da harafin, sai tsarin kwamfuta ya aro shi daga wani salo. Shi kuwa gVim kowane harafi akwati guda mai faɗi ɗaya yake ba shi, duk abin da ya leƙa waje sai a datse shi. Shafi guda na Hausa da aka cika da irin wannan aro yana gajiyar da ido ko da mutum bai gane dalili ba. DejaVu Sans Mono da Noto Sans Mono duka suna da haruffan a jikinsu, kuma kyauta ne. Fixedsys, wanda gVim na Windows ya shafe shekaru yana buɗewa da shi, a guje shi gaba ɗaya.

Idan ƙugiyar na gugar layin da ke sama, `set linespace=3` zai ƙara ɗigo uku tsakanin layi da layi. Biyu zuwa huɗu sun isa, fiye da haka rubutu ya fara watsewa. A Windows kuma `set renderoptions=type:directx` yana sa gefen haruffa ya yi sumul, bambancin a fili yake a kan ƙaramar fuska.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan gVim bai san da UTF-8, tsarin ajiye haruffa da ke ɗauke da na Hausa, yake aiki ba. Tsofaffin sigogin gVim na Windows ba da shi suke tashi ba, shi ya sa ake buɗe fayil a ga ƙ ta koma baƙaƙe biyu marasa ma'ana. A sa `set encoding=utf-8` can sama, sannan `scriptencoding utf-8` a ƙarƙashinsa. Jerin yana da muhimmanci, na farkon ne ke gaba.

Wanda kibod ɗinsa ba shi da haruffan Hausa, gVim ya tanadar masa hanya mai kyau da ba a cika sani ba:

    digraph b, 595 d, 599 k, 409 y, 436
    digraph B, 385 D, 394 K, 408 Y, 435

Bayan wannan, kana cikin rubutu sai ka danna Ctrl da K tare, ka buga k da waƙafi, ƙ ta fito. Idan kana shakkar wane harafi ne a fayil, ɗora alamar rubutu a kansa ka buga `ga`, zai nuna lambarsa. Da wannan ake kama fayilolin da aka cusa musu wata alama mai kama da ƙ alhali ba ita ba ce.

Batun madannai da sandunan gefe ba shi da tsawo, amma akwai wurin da kowa ke tuntuɓe. Saitin guioptions jerin baƙaƙe ne, kowanne na wakiltar abu guda: m shi ne jerin zaɓi na sama, T madannai masu hoto, r sandar ja ta dama, L ta hagu da ke fitowa idan aka raba taga a tsaye. Sai a cire su ɗaya bayan ɗaya:

    set guioptions-=T
    set guioptions-=r
    set guioptions-=L

Idan ka haɗa su a layi guda, misali `-=Tr`, babu abin da zai faru kuma babu gargaɗi, domin gVim yana neman baƙaƙen ne a jere yadda ka rubuta su, su kuwa ba maƙwabta ba ne a jerin. Wannan shiru nasa aibi ne na gaske. Mai koyo ya bar m tukuna, domin a gefen kowane zaɓi an rubuta umarnin da ke yin aikin, makaranta ce a ɓoye. Girman taga kuwa `set lines=38 columns=100` ya dace da yawancin kwamfutocin cinya. Idan ka zarce abin da fuskar za ta ɗauka, layin umarni na ƙasa zai iya nutsewa.

Sai launi. Ka rubuta `:colorscheme` da fili, ka riƙa danna Tab, sunaye za su riƙa zuwa. Tsofaffin irin su desert da slate suna nan, a Vim 9.1 na Janairun 2024 kuma za ka tarar da habamax, lunaperche, retrobox da wildcharm. A ganinmu habamax ya fi dacewa da dogon zama da dare, launukansa ba su da ihu. Da rana, musamman a ɗaki mai haske ko bakin shago, baƙin fili yana mayar da fuskar kwamfuta madubi, sai ka riƙa ganin kanka maimakon rubutu. A nan `set background=light` da lunaperche ko retrobox sun fi, domin su biyun suna da fuska mai haske da mai duhu. Layin background ya riga na colorscheme. Wani abin da ake yawan faɗa kuma ba haka yake ba: baƙin fili ba ya tsawaita batir a fuskar LCD da yawancin kwamfutocin cinya ke da ita, domin fitilar bayanta a kunne take ko me aka nuna. Rage hasken fuskar ne ke ceton caji idan wuta ta ɗauke.

Kusan kowa yana son taɓa launi ɗaya ko biyu bayan ya zaɓi tsari, galibi launin sharhi da ya dushe ko na alamar rubutu da ke ɓacewa. Umarnin highlight ke yin wannan, amma kowane tsarin launi yana share abin da ya tarar kafin ya shimfiɗa nasa. Saboda haka idan ka sa gyaranka a sama da layin colorscheme, ya tafi a banza. Idan ka sa a ƙasa zai zauna, har sai ranar da ka canza tsari kana cikin aiki. Gyaran da ke ɗorewa shi ne wannan, kuma dole ya zo kafin layin colorscheme:

    augroup GyaranLauni
      autocmd!
      autocmd ColorScheme * highlight Cursor guifg=black guibg=orange
      autocmd ColorScheme * highlight Comment guifg=#8fa58f gui=NONE
    augroup END
    colorscheme habamax

A lura da kalmomin guifg da guibg. Masu farawa da cterm na tagar umarni ne, gVim ba ya kallonsu. Mutane da yawa suna kwafo layin cterm daga intanet su yi ta mamakin rashin canji. Shi kuma `gui=NONE` yana cire jinginar haruffa, wadda ita ma takan datse ƙugiyar ƙ a gefen dama. Tsarin launi da aka sauko daga waje ana ajiye shi a .vim/colors a Linux, ko vimfiles\colors a Windows. Idan ka ga E185, to ba a wurin yake ba ko sunan ya kuskure.

Ƙyaftawar alamar rubutu tana tsayawa da `set guicursor+=a:blinkon0`. Ƙarar da yake yi a kowane kuskure kuma `set belloff=all` ke kashe ta. Tsohuwar hanya ta saitin t_vb takan buƙaci a sake sa ta a gvimrc, domin buɗewar taga tana mayar da ita yadda take, don haka a bar ta.

Masu rubuta labari ko maƙala, ba masu shirya manhaja ba, suna buƙatar abu biyu. `set wrap linebreak` yana hana a karya kalma a tsakiya idan layi ya kai bango. `set display+=lastline` kuma yana hana gVim cika ƙasan taga da alamar @ idan sakin layi ya yi tsawo. Ba tare da su ba, rubutun zube a gVim azaba ne.

Idan abu ya rikice, kada a fara goge layuka da ka. `:verbose set guifont?` yana faɗin fayil da layin da ya taɓa saitin a ƙarshe, kuma yana aiki da kowane saiti. Buɗe manhajar da `gvim --clean` kuma yana nuna ko laifin na fayil ɗinka ne ko na kwamfutar.

Inda gVim ya gaza a fili shi ne ajami. Yana da `set arabic` da `set rightleft`, suna juya taga ta koma daga dama, amma ba ya iya haɗa boko da ajami a layi guda kowanne ya bi alƙiblarsa. Taga dukkanta ce ke juyawa. Mai aikin kwafe rubutun ajami tare da fassararsa a boko zai fi samun sauƙi a Emacs, wani editan rubutu dabam, wanda ke iya wannan tun sigarsa ta 24. Haka kuma wanda yake son salon haruffa irin na littafi, mai faɗi daban-daban, ba zai samu a nan ba: Windows ba ya ma nuna masa su a akwatin zaɓi, a Linux kuma idan ya tilasta sai i da l su yi ta iyo a cikin fili.

Ga mai boko zalla, ko mai shirya manhaja da tsohuwar kwamfuta, muna ba da shawararsa da zuciya ɗaya. Layi ashirin da biyar zuwa talatin ne duka aikin. A fara da encoding da guifont, a gwada jimlar ɓarawon nan, sai ta fito tsaf sannan a taɓa launi.