Ka sayi MacBook Air mai sabon jiki ko ka jira ta gaba? Abin da na gani a Madina

A ƙarshen 2022 na sayi MacBook Air mai injin M2, wadda kamfanin Apple ya sauya wa fasali gaba ɗaya ya fitar a watan Yuli na shekarar. Ina tsakiyar rubuta risalar digiri na biyu a Jami'ar Musulunci ta Madina a lokacin, tsohuwar kwamfutata kuma ta kai matsayin da ba ta tashi sai a jikin wuta. Har yau MacBook ɗin ce a jakata. Ƙannenmu ɗalibai sun yawaita tambayata ko mutum ya sayi kwamfuta da zarar an sake mata siffa, ko ya jira wadda za ta biyo baya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da hannuna ya taɓa.

Jikin nata shi ne abin da ya fara jan ido, kuma ya cancanta. An daina wannan tsohuwar siffa mai kauri ta baya, siririya ta gaba. Yanzu shimfiɗaɗɗiya ce ko'ina, kaurinta bai wuce santimita 1.13 ba, nauyinta kilo 1.24. Wanda ya saba ɗaukar mujalladan hadisi a jaka zai manta ma tana ciki. Fuskarta inci 13.6 ce, ta fi ta da haske, kyamarar kuma ta tashi daga 720p zuwa 1080p. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kiran gida ta bidiyo. Hajiya ta daina ce min “matso kusa da haske, ba na ganin ka”. An kuma dawo da cajar maganaɗisu ta MagSafe, wato in wani ya yi tuntuɓe da wayar sai ta cire kanta, kwamfutar ba ta biyo ta ƙasa ba, ramukan USB-C guda biyu kuma suna nan a sake don wani aikin.

Inda na fi son a tsaya shi ne batun zafi, domin masu sharhi daga Turai ba sa lissafa shi kamar mu. Wannan kwamfuta ba ta da fanka ko ɗaya a ciki. Amfanin haka biyu ne a nan: ba ta ƙara a ɗakin karatu, kuma ba ta zuƙar ƙura. Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta wurin mai gyara a buɗe masa fanka ya ga abin da iskar Hijaz take tarawa a ciki, ya san darajar wannan. Amma jikin ƙarfen ne kaɗai ke sha mata zafi, kuma Apple da kansu sun rubuta cewa a yi aiki da ita tsakanin digiri 10 zuwa 35 na ma'aunin salshiyas. Madina a watan Yuli ta wuce 40 da rana tsaka. A ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ban ga wata matsala ba, rubutu ne, littattafan PDF masu ɗaruruwan shafuka ne, darasi ta Zoom ne, duk tana tafiya lafiya lau. Mai haɗa bidiyon wa'azi na awa biyu kuwa, ko mai barin jaka a mota, ya sani an tsara ta ne ta rage gudu da kanta in ta ɗau zafi. Irin wannan mutumin MacBook Pro mai fanka ya kamata ya nema.

Batirin ba shi da abin cewa. Kamfanin ya ce yana kai awa 18 a kallon bidiyo. Ni dai ina fita da safe in dawo bayan isha'i ban nemi soket ba. Da na je hutu gida ma, inda wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, ya rufa min asiri. Kan cajar da ake sayarwa a Saudiyya mai ƙafa uku ne irin namu na Najeriya, ba sai ka nemi wani abin jona shi ba.

To, sai lissafin jira. Abokin zamana, wani bawan Allah ɗan Katsina, ya ce shi kam ba zai saya ba sai ya ga abin da zai biyo baya. Ga abin da ya biyo. Tawa ta fito a kan dala 1,199, da RAM, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe ayyukan da ka buɗe, mai gigabait 8 da ma'adanar fayil mai gigabait 256. Masu gwaji sun gano cewa mai 256 ɗin ta fi ta M1 ta 2020 jinkirin karanta fayil, saboda guntu ɗaya aka sa mata maimakon biyu. A Maris 2024 mai M3 ta zo a kan dala 1,099, jiki ɗaya sak, an gyara wancan jinkirin, launin baƙi-baƙin nan mai riƙe shatin yatsu an yi masa shafi na musamman. A Oktoban shekarar aka mayar da mafi ƙarancin RAM gigabait 16 ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sai Maris 2025, mai M4 ta sauka a kan dala 999, da gigabait 16, tana ɗaukar manyan allo biyu na waje alhali tawa ɗaya kawai take ɗauka. Ita abokin nawa ya saya.

Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, saboda haka dala 200 da ke tsakaninmu riyal 750 ne tun kafin a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake biya a nan tun Yulin 2020. Ga ɗalibi mai dogaro da mukafa'a, wato ɗan kuɗin wata da jami'a ke ba mu, wannan kuɗi ne na gaske. Ya biya ƙasa da ni, ya samu ninkin RAM ɗina, kuma in ka ajiye su biyun a kan tebur ba za ka gane ta wa ce ta wa ba. Shekarar farko ta sabon jiki ita ce mafi tsada kuma mafi ƙarancin kaya a ciki, jikin kuwa yana nan shekaru ba a taɓa shi ba.

Sai dai shi yana da abin da ni ba ni da shi: kwamfutar da ke aiki. Shekara biyu da wani abu ya yi yana lallaɓa tasa, ni kuwa mai duba risalata ba zai jira Apple ba. A wannan tsakanin na gama rubutu, na yi munaƙasha, wato kare risalar a gaban malamai, na yi aikin fassara da ya mayar min da kuɗin. Jira yana da ma'ana ne in akwai abin da kake riƙe da shi. In babu, jiran gawon shanu ne, domin kowace shekara akwai wadda ta fi.

Gigabait 8 ɗin nan ne kaɗai wurin da nake jin shekarunta. In na buɗe shafukan intanet da yawa, ga Word, ga littattafai uku ko huɗu, takan ɗan yi nauyi kafin ta farfaɗo. RAM ɗin kuma a haɗe yake da injin, babu mai gyaran da zai ƙara maka shi daga baya, ko a Jidda ko a Farm Center ta Kano. Ma'adana kana iya sayen ta waje ka jona; RAM abin da ka saya ranar farko shi ke nan. Haka kuma masu manhajojin da ba sa tashi sai a Windows su bincika tun kafin su biya, domin Boot Camp da ake sa Windows da shi a tsofaffin Mac ba ya nan a masu injin M.

Kwanaki wani ƙanenmu ɗan shekarar farko ya tare ni bayan la'asar ya ce, “Ustaz, in na ji an sake fasali, in shiga layi?” Na tambaye shi lafiyar tasa kwamfutar, ya ce batiri ne kawai ya yi sanyi. Na ce ya canja batiri, ya bar zagayen farko ya wuce. In kuma ta mutu masa gaba ɗaya, ya je shagon Jarir ko na eXtra ya duba wadda ta shekara a kasuwa, kada ya sauka ƙasa da RAM mai gigabait 16, ya haɗa sayen da rangwamen Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba ko na watan Nuwamba. Biyan kashi-kashi ta manhajar Tabby ko Tamara yana nan, amma ya karanta sharuɗɗan da kansa. Kuma ya sa a buɗe masa irinta da ke kan tebur ya ga madannan da idonsa, ya tabbatar masu haruffan Larabci ne, tunda da Larabci zai rubuta bahasinsa.