Tayoyin LT a Hilux mai jan tirela: abin da na gani cikin wata takwas

Aikin duba lafiyar dabbobi yana sa ni kwana a daji sau da yawa, daga rugagen Bokkos da Mangu har gonakin wajen Keffi, shi ya sa nake jan tirela mai ɗakin kwana da Hilux ɗina. A cikinta akwai gado da tankin ruwa da tukunyar gas da firjin allurai, kuma idan an cika ta takan kusa tan 2. Tayoyin da na tarar a motar masu lamba 265/65R17 ne, ba su taɓa ba ni matsala a cikin garin Jos ba. Amma da zarar na ɗaura tirela na kama gangaren Hawan Kibo, sai in ji bayan motar yana lilo, musamman idan babbar mota ta gifta ni. Ranar da na tsaya a Akwanga na ɗora hannu a tayar baya na kasa jure zafinta, ranar na yanke shawarar canza su.

Na zaga shaguna uku a Dilimi. Biyu sun faɗa mini kuɗi tun kafin in rufe baki, ɗaya ma ya nuna mini na hannu waɗanda aka goge suna ƙyalli. A na ukun ne wani dattijo ya fara tambayata abin da nake ja da nauyinsa, sannan ya tsuguna ya share ƙurar gefen tayata da ɗan yatsa ya nuna mini lamba 112. Wannan lambar tana nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120. A lissafin takarda ya isa, sai dai tirela takan dora kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta a kan ƙugiyar da ke bayan mota, wato kilo 200 zuwa 300 a wurina, ban da kayan da ke cikin bodi, kuma kusan duk wannan a kan ƙafafun baya yake sauka. Taya irin ta motar gida gefenta taushi gare shi, yana lanƙwasawa a kowane juyi, daga nan zafi da lilon suke fitowa.

Dattijon nan, Alhaji, ya ba ni shawarar in koma masu harafin LT a gaban lamba, waɗanda aka yi domin akori-kura mai aikin nauyi. Na ɗauki BFGoodrich All-Terrain T/A KO2, girman LT265/65R17, masu lamba 120, wato kilo 1,400 kowace ɗaya idan an ba ta cikakkiyar iskarta ta PSI 80 a geji. Abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne yadda ya fito da su ɗaya bayan ɗaya ya sa na karanta lambobi huɗun ƙarshe na layin DOT, wato rubutun da ke gefen taya, da idona, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, wasu kuwa sukan daɗe a sito kafin su iso hannun mai saye. Duka biyar ɗin da na saya, har da safaya, na shekara ɗaya ne.

Maganar iska ce na fi so masu jan tirela su kula da ita, domin a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Tayar LT da aka bari a kan iska 30 ko 32 kamar tsohuwar ba ta kai tsohuwar ɗaukar kaya ba, sai an ƙara mata. Ni ina sa 55 a baya idan zan ja tirela, in sauke zuwa 42 idan motar ba kaya. Da sassafe nake aunawa kafin in motsa, kuma idan na sauka daga sanyin Jos zuwa zafin Nasarawa geji ya nuna ƙari, ba na barin mai faci ya rage. Alhaji ya kuma ja kunnena cewa sabuwar taya ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya, iyakar da kamfani ya rubuta wa motar tana nan yadda take.

A wata takwas na sauka Hawan Kibo da tirela fiye da sau goma. Lilon ya ragu ƙwarai, sitiyari ya tsaya a hannu, kuma a hanyoyin duwatsu na Bokkos ban yi faci ko sau ɗaya ba. Akwai abin da mutum zai haƙura da shi, wanda halin kowace taya mai kauri da manyan haƙora ne: tana da nauyi, don haka mai yakan ɗan ƙara tafiya, tana da gurnani a kan kwalta, kuma idan motar ba kaya kowane rami sai ya iso ƙugun direba. Wanda ba ya jan komai, iyakarsa Terminus zuwa Bukuru, ba na ba shi shawarar ya kashe wannan kuɗin.

Abu ɗaya ne ban ji daɗinsa a shagon ba. Yaron da ya ɗaure notocin hawa ya yi kan sifana da ƙafa yana tsalle, maimakon ya yi amfani da sifana mai awo, har sai da na je wurin bakanikena aka sassauta aka sake ɗaurewa daidai, a can kuma aka yi mini alaimen. Na koma na gaya wa Alhaji, ya karɓi gyaran ba tare da musu ba. A wannan zuwan ne ya leƙa ƙafafun tirelar ya nuna mini tsagewa ƙanana a gefensu, ko da yake haƙoransu ba su cinye ba. Na ba shi girmansu, zan je in ɗauki sababbi kafin damina ta faɗi.