Grigris: ɗan rawan Njamena da jarkokin fetur a tsakiyar kogi

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Kuseri, garin Kamaru da ke kan iyaka da Cadi, da daddare ya hango fitilun Njamena a ƙetare, zai gane fim ɗin Grigris tun kafin a yi masa bayani. Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe a 1961, shi ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, ya fito a 2013, tsawonsa minti 101. Na kalle shi sau biyu, ɗaya a waya ɗaya a talabijin, kuma tun farko zan faɗi matsayata: fim ne da ya cancanci lokacin mutum, amma ƙarfinsa duk yana jikin jarumin ne da cikin ruwan kogi. Inda ya koma labarin 'yan ta'adda da bin sawu, nan ya yi rauni.

Labarin a taƙaice. Saurayi ne ɗan shekara 25, ƙafarsa ɗaya shanyayya, ana kiransa Grigris, kalmar da masu jin Faransanci a ƙasashenmu ke nufin laya da ita. Da rana yana taya Ayoub, dattijon da ya riƙe shi kamar uba, aiki a ɗan shagon ɗaukar hoto. Da dare yana rawa a gidajen rawa ana yi masa liƙi. A shagon ne ya haɗu da Mimi, yarinya ruwa biyu mai burin zama 'yar tallan kaya, wadda a zahiri zaman kanta take yi. Sai ciwo ya kwantar da dattijon, kuɗin asibiti ya fi ƙarfin liƙi, yaron ya je wurin Moussa mai fasa-ƙwaurin fetur ya roƙi a sa shi cikin aikin. Daga nan abu ya fara lalacewa.

Rawar ce ta fara kama mai kallo, kuma ita ce abin da ya fi daɗewa a zuciya. Souleymane Démé, wanda ya fito a matsayin Grigris, ɗan Burkina Faso ne, kuma lalurar ƙafar tasa ta gaskiya ce, babu dabarar kwamfuta a ciki. A Wagadugu Haroun ya gan shi yana rawa a kan dandamali, daga nan labarin ya samo tushe. Mai lura zai ga yadda yake sarrafa jikin: nauyinsa gaba ɗaya yana kan ƙafa mai lafiya da damatsa, shanyayyar kuwa ba ya ɓoye ta, ɗaga ta yake da hannu ya juya ta, ya naɗe ta, ya mai da ita kayan wasa kamar yadda makaɗi ke yi da gulan ganga. Duk wanda ya san rawa ya san cewa abin da ya fi wuya shi ne tsayawa cak bayan juyi, domin a nan ake gane ko mutum ya mallaki tsakiyar jikinsa. Démé yana tsayawa. Kuma mai ɗaukar hoton fim ɗin ya yi abin da ya dace, ya ja baya ya bar jikin duka a cikin hoto daga kai har tafin ƙafa, bai dinga yanka hoton gunduwa-gunduwa don ya rufe wani aibi ba. Masu shirya mana bidiyon waƙa su duba wannan da kyau. Yawan yanka hoto duk bayan daƙiƙa biyu yana kashe rawa, domin ido ba ya samun damar ganin motsi daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

Kiɗan fim ɗin na Wasis Diop ne, mawaƙin Senegal, kuma bai cika shi da surutu ba. Akwai wurare masu tsawo da babu kiɗa sam, sai ƙarar babur, takun ƙafa da numfashi. Wanda ya saba da fina-finan Indiya na fassara, inda kowane kallo ke da nasa kiɗan, zai ji kamar an manta da wani abu. Da gangan aka yi. Shirun ne ke sa amon gidan rawa ya daki ƙirji idan ya dawo.

Sai daren tsallake kogi, wanda a ganina shi ne zuciyar fim ɗin. Matasa sun shiga ruwa cikin duhu suna jan jarkoki, Grigris na cikinsu, ya kusa halaka. Wasu masu kallo na cewa an yi ƙari, ai jarka cike da mai nutsewa za ta yi. Ba haka ba ne. Fetur ya fi ruwa sauƙi: lita ɗaya nauyinta wajen giram 740 ne, ta ruwa kuwa kilo ɗaya cif. Jarka mai lita 20 cike da fetur tana da nauyin kilo 15 ko kusa da haka, amma ruwan da take turewa kilo 20 ne, saboda haka tana tasowa da rarar wajen kilo 5. Matsalar tana wani wurin. Jarkoki uku ko huɗu a ɗaure da igiya suna ba ruwa faɗin da zai tura, igiyar ruwa ta ja su gefe, mai iyo kuma dole ya yi ta gyara hanya. Hannu ɗaya na kan kaya, to da me za a tura jiki gaba? Da ƙafafu. A nan ne fim ɗin ya yi hikimar da babu wanda ya furta ta da baki: ƙafar da ke kawo masa kuɗi a filin rawa ita ce ta ci amanarsa a cikin ruwa, domin a can hannu na iya ɗaukarta, a nan hannun yana da nasa aikin. Ƙari a kan haka, murfin da bai rufu da kyau ba yana yoyo, fetur ya bazu a saman ruwa daidai inda fuskar mai iyo take, ya ƙona ido da fata, tururinsa ya juya kai. Kuma ruwan Shari da Logon, kogunan da suka haɗu a Njamena, ba ɗaya ba ne duk shekara. Da rani yana ja baya har yashi ya fito, amma wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ya cika ya batse, ko gwanin masunci yana shakkarsa.

An ɗauki wannan fitowar da ɗan haske ƙwarai, fitilar hannu da ƙyallin ruwa kawai, kuma ba banza ba Antoine Héberlé, mai ɗaukar hoton, ya samu kyautar Vulcain ta gwanintar fasaha a bikin fina-finai na garin Kan na Faransa a 2013, inda fim ɗin ya shiga babbar gasa. Haroun ba baƙo ba ne a can, fim ɗinsa Un homme qui crie ya ci kyautar alƙalai a 2010.

Wannan duhun ne kuma ke jawo ƙorafin da aka fi yi, wato ba a ganin komai. Laifin yawanci na kwafin ne. Kwafi mai ƙaramin nauyi, irin 360p da ake turawa daga waya zuwa waya don ya tsaya a megabait 250 ko 300, yana matse hoto ta hanyar zubar da bambancin launuka masu kama da juna, kuma baƙi da baƙi-baƙi su ne na farko da ake zubarwa. Sakamakon haka fitowar kogi takan koma dunƙulen murabba'ai masu motsi, fuskokin mutane su ɓace. A nemi 720p aƙalla, wanda ga fim mai wannan tsawon zai kai tsakanin megabait 700 da gigabait ɗaya. A kalla da dare ko a ɗaki mai labule, a ɗaga hasken waya da hannu, a kashe tsarin da ke rage haske don tattalin batir. A talabijin kuma a bar launi yadda yake, kada a ƙara shi, domin jan fitilun gidan rawa yana malalewa ya cinye fuska. Lasifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa, don haka a sa abin kunne ko a haɗa da ƙaramar lasifika. Faransanci da Larabcin Cadi ake yi a ciki. Ɗan Njamena ko Kuseri ba zai sha wuya ba, amma mai kallo a Garwa ko Ngaundere da ba ya jin Larabcin ya tabbatar kwafinsa na da rubutun fassara a ƙasa kafin ya kashe kuɗin data. Sa'ar da aka yi ita ce maganar ba ta da yawa.

Rashin maganar ma ya raba kan masu kallo. Grigris yakan yi minti da yawa bai ce uffan ba, kuma idan ya buɗe baki ana jin cewa ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Wasu na ganin wannan ya sa ba a san abin da ke ransa ba, har da lokacin da ya yanke shawarar cin amanar Moussa, ya karkatar da man da aka ba shi ya kai bayan an mai da shi direba, ya sayar don biyan asibiti, sannan ya shirya ƙarya. Ni ban ga laifin shirun ba. Yaron da ya tashi ana kallon ƙafarsa kafin fuskarsa, ya koyi haɗiye magana. Kuma kokawar da yake yi da zuciyarsa a bayyane take ga mai ido: yaro ne mai kunya da ladabi a gaban dattijo, ba ɓarawo ba, ya saci kayan wanda ya taimake shi don ya ceci wanda ya rene shi. Kowanne ɓangare ya juya akwai haƙƙi a wuyansa. Inda na yarda da masu suka shi ne a kan Mimi. Anaïs Monory ta yi ƙoƙari, kuma hular gashin da take sawa don rufe nata gashin ta faɗi abubuwa da yawa game da yadda ake kallon ruwa biyu, amma an rubuta ta sama-sama. Soyayyarsu ta zo da sauri, kuma mun sha ganin labarin karuwa mai kyakkyawar zuciya. Cyril Gueï a matsayin Moussa ya fi gamsarwa, musamman yadda yake sauyawa daga babban yaya mai fara'a zuwa mutumin da ba ya yafe ko sefa ɗaya.

Babban abin da na so a ƙara shi ne lissafin sana'ar kanta. Fim ɗin ya nuna haɗarin, bai nuna dalilin ba. Nawa ake sayen jarka, nawa ake sayarwa, nawa ne rabon mai iyo, nawa na mai mota, nawa ke tafiya a hanya? Mu da muke ganin kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, jere a bakin titi daga Mora zuwa Marwa har Garwa mun san cewa bambancin farashi ne ke tura mutum cikin ruwa. Shekara da shekaru man Najeriya mai tallafi yana shigowa ta Banki da Amshide, ta Gamboru da Fotokol, kuma da aka cire tallafin a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya ji a aljihunsa, daga ɗan acaɓa har mai injin niƙa. Cadi kuwa ta fara fitar da ɗanyen mai tun 2003 ta bututun Doba zuwa Kribi mai tsawon kilomita 1,070, matatar Jarmaya ta fara aiki a 2011, shekara biyu kafin fim ɗin. A ƙasa mai rijiyar mai da matata, saurayi yana iyo da jarka cikin dare don ya biya kuɗin gadon asibiti. Haroun ya bar wannan a bayan fage, wanda ya sani ya gani, wanda bai sani ba ya wuce. Da an ba shi ko minti biyar, ko da hirar masu jarka ce suna rabon kuɗi, da mai kallo na nesa ya fahimci cewa Moussa ma ƙaramin kifi ne.

Wanda bai kalla ba ya tsallake wannan sakin layi. A kashi na ƙarshe Grigris da Mimi sun gudu ƙauye, fim ɗin ya fita daga duhun birni ya shiga hasken rana, tafiyarsa ta lafa. Da ɗan aiken Moussa ya biyo sawu, matan ƙauyen ne suka fito da sanduna suka gama da shi, suka ɗaure bakinsu a kan sirrin. Akwai masu tafa wa wannan, akwai masu cewa ya faɗo daga sama. Ina tsakiya, amma na fi karkata ga na biyu. Fitowar kanta tana da ƙarfi, kuma wanda ya san ƙauye ya san abin da haɗin kan mata ke iya yi idan an taɓa baƙon da suka karɓa. Sai dai ba a ba mu lokacin sanin matan ba, ba mu ga abin da ya sa za su ɗauki alhakin rai saboda mutanen da suka zo jiya ba. Kuma an sauke wa jarumin nauyin da ya kamata ya ɗauka da kansa, bashin da ke tsakaninsa da Moussa wasu ne suka biya.

Game da wanda ya dace ya kalla: ba fim ɗin zaman falo da yara da surukai ba ne. Akwai gidan rawa, shaye-shaye, zancen karuwanci da duka. Babu yawan harbe-harbe, don haka mai neman faɗa daga farko har ƙarshe zai gaji tun a rabin sa'a na farko. Mawaƙa, 'yan rawa da masu ɗaukar bidiyo su ne za su fi ƙaruwa, kuma shawarata gare su ita ce su maimaita rawar farko sau biyu ko uku, karo ɗaya da sauti, karo ɗaya a kashe sautin a bi ƙafa da kafaɗa kawai. A ma'aunina ya ci bakwai cikin goma, kuma biyar daga ciki na rawar ne da daren kogi.